Indararon da Ya Yi Shiru

Ni ne Garba Magini na gindin Goron Dutse, kuma tun ranar da na fara riƙe cokalin gini ba a taɓa nuna wani abu an ce ga aikin Garba ya faɗi ba. Ku je ku tambaya, daga Ƙofar Na'isa har Ƙofar Wambai. Akwai katangar da na yi wa wani mai sayar da fata, tirela ta ƙwace ta dake ta. Tirelar aka ja zuwa wajen bakanike, katanga ko tari ba ta yi ba. Akwai benen da na ɗora a Gwale, in ka hau samansa da safe kana iya hango mutanen Zariya suna shan koko. Wanda ya ce ƙarya nake yi ya zo in ara masa tsani.

Ku samarin da ke zuwa wajena neman aiki, ku nake yi wa wannan rubutu. A ganinku gini ba wani abu ba ne, bulo a kan bulo, siminti a tsakani, a tashi la'asar a wanke ƙafa. Da ma zan ƙyale ku da tunaninku. Amma soja sun sake miƙa mulki ga farar hula, kuma shekaranjiya na wuce wani tsohon masallacin ƙasa na ga an jibge buhunan siminti a ƙofarsa, kyautar wani da ya ci zaɓe. Na taɓa ganin irin wannan jibgi, lokacin da soja suka miƙa mulki wancan karon, shekara ashirin da suka wuce. Ni aka ba buhunan.

Aikina na farko a hannun Baba Inuwa, wanda ya koya mini sana'a, ban taɓa bango ba ko da ɗan yatsa. Wata shida ina cikin kwaɓi. A haƙo jar ƙasa daga bakin kududdufi, a zuba ruwa, a watsa ciyawa, ni kuma in shiga in yi ta takawa kamar wanda aka biya ya yi rawa babu makaɗi. A bar ta ta kwana uku, a sake juyawa, in sake shiga. Ƙafata ta yi kaushin da in ƙusa ta hango ni tafe sai ta lanƙwashe da kanta. Bayan nan aka ɗaga mini girma, na koma mai jifa. Baba yana zaune a kan bango kamar mahayi, ni ina ƙasa ina cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa ba ya ko kallo. In na cilla masa wanda bai bushe ba, da shi zai jefo ni, kuma bai taɓa kuskure ba.

Kayan aikin Baba ba su cika aljihu ba. Hannu, ƙafa, kunne, sai wani zare mai ɗan dunƙulen dalma a bakinsa, wanda yake sakewa daga saman bango ya ga ko ya miƙe. Da diddige yake gane rufin da ya fara laushi. Da ƙwanƙwasa yake gane bangon da gara ta shiga. Shi kuwa zaren, ko babban ɗansa bai isa ya taɓa ba, domin na Mai Zare ne.

Mai Zare wani Bature ne ɗan Ingila da ya zo Kano tun Baba yana saurayi. Sunansa na gaskiya Baba bai taɓa iya faɗa ba, mutanen gari suka sa masa wanda ya dace da shi. Sana'arsa a ƙasarsu zanen ginin coci. Shi ma da koyo ya fara, a ofishin wani dattijo, yana fiƙe fensir, yana hawa keke ƙauye ƙauye yana auna tsofaffin coci-coci na dutse yana zanawa a littafi. Da ya zama gwani ya gina nasa, har sunansa ya yi nisa. Sa'ad da ya iso nan kansa ya riga ya yi furfura. 'Yan mishan ne suka kawo shi ya gina musu wata 'yar ƙaramar coci a Sabon Gari, sun ma yi masa odar siminti a ganguna ta jirgin ƙasa.

Kafin ya sa hannu a komai ya roƙa a shigo da shi birni ya ga yadda ake gini. Aka kai shi soron wani attajiri. Yana shiga ya ɗaga kai, ya ga bakan gizo huɗu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, babu ginshiƙi, babu ƙarfe, ƙasa ce kawai da azarar giginya. Sai ya tuɓe hularsa ya kwanta rigingine a ƙasa, ya ɗora ta a ƙirji. Baba ya ce ya fi awa guda bai motsa ba, har mai gidan ya fara zufa yana tunanin yadda zai yi wa hukuma bayanin gawar Bature a soronsa. Da ya tashi, ya ce wa tafinta a nemo masa wanda ya yi wannan aiki. Mahaifin Baba ne, Baturen ya roƙe shi ya zo su gina cocin tare. Aka yi ta maganganu a unguwa, yaya magini musulmi zai je ya gina coci. Tsohon ya ce, "Mu bango aka kira mu mu yi, ba addu'a ba." Ya ɗauki ɗansa suka tafi.

Gangunan simintin nan ko ɗaya Mai Zare bai bari an buɗe a jikin bangon ba. Baba, da yake yaro ne mai son sabon abu, ya tambaye shi dalili. Baturen ya zaro wani hoto daga aljihun rigarsa, gefensa duk ya cinye, na wata coci mai doguwar hasumiya. Ya ce ta ƙauyen mahaifiyarsa ce, ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, kuma gyaranta ne babban aikin farko da aka danƙa masa. Yana so ta yi ƙyalli, a san sabon hannu ya zo. Ya shafe tsohon dutsen da siminti sumul. Aka yaba, aiki ya yi ta zuwa masa. Ashe ruwa yana samun 'yar kafa yana shiga, ba ya samun ta fita. Bayan wasu shekaru hasumiyar ta ruɓe ta ciki, dole aka sauke ta, kuma shi aka kira ya tsaya a kan aikin saukewar. Ya ce tun daga nan duk cocin da ya gina, kafin ya shiga ya ɗaga kai, sai ya zagaya baya ya ga ta inda ruwa ke fita.

Baba ya ce in hadari ya haɗo kowa gudu yake yi zuwa rumfa, Mai Zare kuwa waje yake fita, babu laima, ya tsaya gindin indararo ya karkata kunne, ruwa na dukansa. Leburori suka ce Baturen nan yana da taɓi. Damina biyu ya yi ciwo ya kama shi, ya koma gida, ya bar wa Baba zarensa. Daga baya wani kuku da ya taɓa yi masa aiki ya kawo labarin cewa ya rasu. Wai a ƙarshen rayuwarsa manyan ayyuka sun koma hannun matasa masu ƙarfe da siminti, shi kuma ya koma kan kekensa, yana bin ƙauyuka yana gyara wa coci-coci magudanar ruwa. Ita ma cocin Sabon Gari, da masu ita suka yi yawa, sauke ta suka yi suka gina babba. Na ji wannan labari daga bakin Baba ya fi sau dubu. Har kwaikwayonsa nake yi wa abokai, in kwanta rigingine da hula a ƙirji, a yi ta dariya.

Masallacin unguwarmu shi ne aikin da Baba ya yi da kansa bayan rasuwar mahaifinsa, kuma bai sake yin irinsa ba. Ba babba ba ne, sahu biyar yake ɗauka. Amma bakan gizonsa in ka ɗaga kai sai ka ga kamar yatsun hannu biyu ne aka sarƙa. Da tsakar bazara, lokacin da ƙadangare ke neman mafita, in ka shiga ciki kamar ka sa kai a randa. Liman ba ya buƙatar lasifika, ko ya yi raɗa na bayan sahu zai ji. A bayansa akwai indararo shida na kasko, manya, kowanne yaro zai iya zura kai. Baba ya ce mutane sun yi masa dariyar girmansu, shi kuwa ya san a wajen wa ya koya.

Ginin ƙasa yana da haƙƙi a kan masu shi, haƙƙin kuwa shi ne yaɓe. Kowace shekara, kafin ruwan farko, sai a sa rana, unguwa duka ta fito. Masu kwaɓi na kwaɓi, masu jifa na jifa, mata su aiko da kunu da ƙosai, tsofaffi su zauna a inuwa suna ba da umarnin da ba mai bi. Kafin kowa ya hau, Baba ne zai fara hawa shi kaɗai, ba takalmi, ya taka rufin taku taku. Inda diddigensa ya tsaya, nan za a tone. Ya zura hannu cikin indararo ya fito da sheƙar tsuntsu da tsumma, wata shekara har da takalmin Malam Hadi ladani da ya ɓata tun azumi. Mu muna ganin yaɓen ne aikin. Sai daga baya na gane hawan ne aikin, yaɓe dalili ne kawai na sa mutum ya hau ya duba.

Shekarar da aka buga gangar siyasa, idon Baba ya riga ya tafi, da sanda da bango yake zuwa masallaci. Ni kuwa na zama ni. Na koyi bulo da filasta a wajen 'yan kwangila, na sayi babur, ina sa tabarau ko da hadari. Samarin unguwa kuma sun shiga kamfani da ofis, ranar yaɓe sai ka ga mutum goma, bakwai a cikinsu masu ba da umarni ne. Ana haka wani Alhaji Bala, ɗan unguwa mai neman kujera, ya tsayar da motarsa a ƙofar masallaci ya sa aka kira ni.

"Garba, wannan abu haka zai zauna kamar rumbun ƙauye? Baƙi za su zo mini daga Legas."

"Alhaji, ka ba ni siminti da mako uku. In na gama, ƙuda ma in ya sauka sai santsi ya kwashe shi."

"Yaɓen nan na kowace shekara fa?"

Na juya ga dattawan da ke wurin, na buga ƙirji. "Daga bana an gama. Wallahi har jikokinku ba wanda zai sake hawa rufin nan."

Suka yi kabbara. A duk alkawuran da aka yi a siyasar shekarar, nawa ne kaɗai aka cika.

Na je na gaya wa Baba, don kada ya ji a bakin wani. Yana zaune a zaurensa yana murza zaren nan a hannu. Ya bari na gama tsaf.

"Garba, ka manta hoton?"

"Baba, wancan ai simintin zamanin da ne. Kuma dutse ne. Kuma Ingila ce, inda aka ce ruwa ba ya ɗaukewa sai ranar Lahadi."

"Ruwan can da na nan duk gangara suke nema. Bangon nan yana shan ruwa da damina, ya fitar da rani. In ka toshe masa jiki, ta ina zai fitar?"

"Ai ba zai ma sha ba, Baba. Shi ne amfanin abin."

"Haka shi ma ya ce."

Na yi masa sallama da ladabi, na fita na hau babur. A makon nan 'yarsa da ke aure a Ƙofar Na'isa ta zo ta ɗauke shi don a gwada masa wani maganin ido, zai yi wata guda a can. Ban ce na shirya haka ba, amma ban jira ya dawo ba.

Aikin kuwa na yi shi da kyau, wannan ko maƙiyina ya shaida. Siminti ba ya kama ƙasa, don haka na sayo wayar kejin kaji na lulluɓe ginin da ita, ciki da waje, na kafe da ƙusoshi masu tsawon yatsa. Na yi filasta hawa biyu. Na hau rufi na malala masa siminti har bakin rawani, ɗan bangon da ya kewaye rufin. Indararon kaskon nan shida na ce sun yi kama da bakin tulu, na farfasa su na sa bututun ƙarfe sirara, masu kyan gani. Na shafa fenti fari, na ja kore a gindi. Ranar buɗewa an yi taro har da masu ɗaukar hoto, Alhaji ya riƙe hannuna ya ɗaga sama. A watan nan kaɗai masallatai huɗu suka aiko a yi musu irinsa.

Baba ya dawo, maganin bai yi ba. Da azahar ya fito da sandarsa yana bin bango kamar kullum, ina tsaye ina jiran a ce madalla. Hannunsa ya baro katangar maƙwabta ya sauka a kan fentina, ya tsaya. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ya miƙa sanda sama yana laluben inda indararo yake, sanda ta daki ƙarfe.

"Garba."

"Na'am, Baba."

"Wa ya yi masa likkafani tun yana da rai?"

Mutane suka yi dariya, ni ma na taya su. Ya shiga ya yi sallarsa.

Daminar farko ko ɗigo bai zuba ba. Na riƙa tsayawa a ƙofar masallaci ina tambayar jama'a ko akwai mai kewar kwaɓi, in kai shi kududdufi kyauta. Da bazara ta zagayo Baba ya ce a kawo tsani a hau da shi. Aka ce Baba ka huta, makaho da rufi ina haɗinsu, ga shi ma babu abin da za a duba. Ya ce to wani ya hau. Kowa ya ce gobe. Ni da ke da tsani uku a gida, ina can ina lulluɓe masallacin wasu. A damina ta biyu tabarmin sahun gaba suka fara wari. Wani farin gishiri ya fito a gindin bangon alƙibla, fenti ya kumbura. Malam Hadi ladani ya nuna mini, na kankare na sake shafawa, na ce fentin ne na jabu. Baba ya sami liman ya gaya masa bangon ya fara amsawa kamar ganga. Liman ya tambaye ni, na ce, "Allah gafarta Malam, tsufa ne da kishin sana'a. Shi fa har yanzu bai yarda da rediyo ba." Aka bar maganar, don kowa ya fi son tawa. Tawa ba ta buƙatar kowa ya cire riga.

Damina ta uku, cikin marka, aka kwana biyu ana ruwa, aka shiga na uku bai ɗauke ba. Da azahar ina gida wani maƙwabci ya zo a jiƙe ya ce in zo, Baba Inuwa ya tare ƙofar masallaci. Na tarar da shi zaune dirshan a bakin ƙofa, ya gitta sandarsa daga wannan gefen ƙofa zuwa wancan, ruwa na zuba a kan rawaninsa. Mutum wajen talatin sun yi cirko-cirko, wasu da laima, wasu da buhu a ka.

Malam Hadi yana cewa, "Baba, don girman Allah ka matsa, lokaci na wucewa."

"Ba mai shiga."

Wani daga baya ya ce, "Masallacin naka ne?"

"Da nawa ne da na bar ku. Garba ya zo?"

"Ga ni, Baba. Mene ne kuma?"

"Ku yi shiru duka. Ku saurara."

Aka yi shiru. Ruwa na dukan laima, kwata na gudu, indararon gidajen layin kowanne na zuba kamar ana tuttule tulu.

Na ce, "Baba, ni ban ji komai ba."

"Daga gidana zuwa nan indararo goma sha ɗaya nake wucewa, kowanne na gaishe ni. Na zo bayan masallaci, shiru. Kwana uku sama na zuba a kan rufin nan. Garba, kai ne gwani. Ina ruwan yake tafiya?"

Na zagaya baya. Bututuna shida, biyu na ɗiga kamar hancin mai mura, huɗu a bushe. Na ɗora tafin hannu a bango, na danna kaɗan. Filastar ta motsa. Ba tsagewa ta yi ba, motsawa ta yi gaba ɗayanta, kamar ƙofar da ba a sa wa sakata ba. A nan na san rufin ya tsage a bakin rawani, inda ba wanda ya hau ya gani, kuma ruwan damina uku yana cikin bangon.

Na sani, amma mutum talatin na kallona. Na dawo na ce, "Jama'a, toshewa ce kawai. Bari in shiga in tsaya a tsakiya ku gani." Na ɗaga ƙafa zan tsallake sanda. Tsohon nan da iska ke iya kayarwa ya cafke gindin rigata da hannun da ya shekara hamsin yana cafe tubali. Na ja, ko gezau.

"Ka riga ka kashe ɗaya," in ji shi. "Ba zan ba ka na biyu ba. Zauna."

Na zauna, a cikin ruwa, kusa da shi.

Malam Hadi ya ce akwai Alƙur'anai a ciki. Baba ya ce ya shiga ta jikin bangon kudu, kada ya bi tsakiya, ya kwaso ya fito kafin shi ya gama Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Ladanin nan da bai taɓa sauri ba ko a kiran sallar magariba, ranar ya fito Baba na cikin ta biyu. Aka yi azahar a zauren wani mai saƙa, a matse, goshin wani a dugadugin wani, ana ta gunaguni. Wasu na cewa tsufa ya taɓa Baba, a kira 'yarsa.

Masallacin bai kai la'asar ba. Kun san ni da ƙari, amma a wannan ba zan ƙara komai ba. Babu wata babbar ƙara. Wani nishi aka ji, sai bangon alƙibla ya durƙusa, bakan gizon suka saki juna, rufin ya zauna a kan sahu biyar ɗin nan kamar tsohon da ya gaji da tsayuwa. Jar laka ta malalo ta ƙofa har kan ƙafafunmu. Baba ne ya tambaya, "Kowa na waje?" Aka ce kowa na waje. Ya ce alhamdu lillahi, ya nemi a miƙo masa sandarsa.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Kafin kaka na bi masallatan nan huɗu da guduma na fasa abin da na shafa da hannuna, masu su na tsaye suna kallona, wasu na tambaya ko haukan na gado ne. Biyu sun tsira, suna nan har yau, ana yi musu yaɓe. Biyu an makara. Na shekara ba wanda ya kira ni ko gyaran murhu. Alhaji Bala bai sake bi ta layin ba, ba da jimawa ba ma soja suka dawo. Masallacin da ke wurin yanzu na bulo da kwano ne, ni na gina shi da jama'a suka huce. Yana nan daram. Fanka huɗu ke juyawa a ciki ana zufa, liman kuma in wuta ta ɗauke sai na sahun farko su riƙa isar wa na baya. Baba bai yi salla a cikinsa ba, ya rasu kafin damina ta zagayo. Zaren Mai Zare yana wajena, 'yarsa ta kawo mini ta ce shi ya ce a ba ni. Ban taɓa sake shi a jikin bango ba.

Ku kuwa da za a ba buhunan bana, ba ce muku na yi siminti mugun abu ba ne, da shi nake ciyar da gidana. Ku dai san abin da za ku shafa wa. In bangon ƙasa ne, ku mayar wa mai kyautar da kayansa, ku roƙe shi kunu da ƙosai, ku nemi tsani. In kuma kun ji ina cika baki a majalisa cewa aikina bai taɓa faɗuwa ba, ku bar ni in yi, da izini nake yi.

Washegarin faɗuwar, da ruwa ya ɗauke, Baba ya aiko in zo in kai shi wurin. Na riƙe masa sanda muka hau kan tarin. Ya durƙusa ya damƙi laka ya murza, ya shinshina. Ya lalubo wata azara, wadda shi ya ɗaure ta da hannunsa tun ba a haife ni ba, ya danna babban yatsa, yatsan ya shige kamar cikin dafaffen rogo. Ya daɗe riƙe da ita. Sannan hannunsa ya faɗa kan filastata. Ta kwanta a kan lakar falle guda, faɗinta ya kai tabarma biyu, da wayarta da fentinta fari da kore. Ya shafa ta daga wannan gefe zuwa wancan, ya ƙwanƙwasa, ta amsa garau.

"Garba, zo ka gani," in ji shi. "Naka ko tsagewa bai yi ba. Nawa ne ya faɗi. Ka ci gaba da gaya wa mutane, ba ƙarya kake yi ba."